Karaya ta warke, gwiwa ta ƙi: ga dalili

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce su biyu suka faɗi a babur a hanyar Jega, abokinsa ya karye a hannu har ya koma kasuwa, shi kuwa da hoto ya nuna ba karaya, wata huɗu ke nan gwiwa ta hana shi sakat. Na daɗe ina aikin gashin ƙashi a nan Birnin Kebbi, irin wannan kullum muna gani. Ba sammu ba ne, magana ce ta jini.

Ƙashi, guringuntsi, jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, da agara mai haɗa tsoka da ƙashi, duk dangi ɗaya ne, aikinsu riƙe jiki. Har kitse da shi kansa jini a wannan dangi likitoci ke lissafa su. Sai dai rabonsu da jini ba ɗaya ba. Tsaya gaban mahauci ka duba: ƙashin da aka sara cikinsa jawur, agara fara sol, guringuntsi kuwa ko ɗigo babu. Jini ne ke kai kayan gyara wurin rauni, shi ya sa yawancin karaya ke haɗewa cikin mako 6 zuwa 12, jijiya ta ja watanni.

Gwiwa ta fi wahala. Akwai faifan guringuntsi biyu tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Gefensu na waje kawai, kusan kashi ɗaya cikin uku, ke samun jini. In tsagar ta faɗa can ciki, da wuya ta haɗe da kanta. Haka jijiyar tsakiyar gwiwa in ta tsinke gaba ɗaya. Hoton ƙashi ba ya nuna ko ɗaya, sai MRI, wato hoton na'urar da ke nuna har guringuntsi da jijiya.

Guringuntsi daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, motsi ne kuma ke tura ruwan ciki. Kwanciya wata da watanni ba gata ba ce. Don Allah kuma kada a ɗaure ƙafar tamau da karare. Na ga ɗorin da ya tare jini har yatsu suka yi baƙi.

Tambaye shi: gwiwar na kullewa, ko tana sulluɓe masa in ya juya? In haka ne, ku nemi likitan ƙashi a makon nan. In yana shan taba ya bari, in akwai ciwon suga a duba shi, duk biyun suna jinkirta warkewa.