Filash Ɗaya a Jakar Kwamfuta Ya Isa Ajiyar Risala?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina rubuta risalar majistir. Kwamfutar abokin ɗakina ta ƙi tashi da babi uku na aikinsa a ciki, kuma har yanzu mai gyara bai ce masa komai ba. Ni ina da filash da nake kwafe aikina a ciki idan na tuna, yana nan cikin jakar kwamfutar. Hakan ya wadatar, ko da abin da zan ƙara? Ka san mukafa'ar ɗalibi, wato alawus ɗin da jami'a ke ba mu, ba ta da yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da sa'a, ya mayar wa abokinka da aikinsa.

Bai wadatar ba. Abin da ka yi daidai yake da alhajin da ya yi kwafin fasfonsa sannan ya sa shi a jaka ɗaya da fasfon. Ranar da aka manta jakar a tasi ko a harabar Masallacin Annabi, duka biyun sun tafi. Shi kansa filash ba abin dogaro ba ne na dogon lokaci. An yi shi ne don ɗaukar fayil daga nan zuwa can. Yakan lalace idan aka zare shi ana cikin kwafi, zafin mota a bazarar Madina ba ya yi masa kyau, kuma akwai na jabu masu arha da za ka ga an rubuta 128 GB a jiki alhali cikinsu bai kai haka ba. Irin wannan zai nuna maka an gama kwafi lafiya, sai ranar buƙata ka buɗe ka tarar da shirme.

Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ana ce mata 3-2-1. Duk fayil mai muhimmanci ya zama yana da kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam da inda kwamfutar take. A wajenka: aikin da ke kan kwamfuta, kwafi a faifan ajiya na waje da ke zaune a ɗaki, da kwafi a ma'ajiyar intanet.

Ta intanet ɗin ba sai ka biya ko riyal ɗaya ba. Google Drive na ba da 15 GB kyauta, amma ka sani da Gmail da Google Photos ake raba wurin, har ajiyar WhatsApp ta wayar Android yanzu a ciki ake lissafa ta. OneDrive na ba da 5 GB. Risala gaba ɗayanta a Word ba ta cin wani wurin a zo a gani. Abin da ke cika wuri shi ne littattafan PDF, kuma nan ɗalibai ke yin kuskure: sai su cika ma'ajiyar da Maktaba Shamila (manhajar tarin littattafan addini na Larabci) da mujalladan da za a iya sake saukewa gobe, rubutunsu kuma ya rasa wuri. Fara da abin da babu shi a ko'ina sai a wajenka: babin da ka rubuta, gyare-gyaren mushrif (malamin da ke duba risalarka), bayanan da ka tattara, hotunan makhɗuɗa (tsohon littafi rubutun hannu) idan tahƙiƙi, wato tantance shi, kake yi, da kwafin shahadodi, iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) da fasfo.

Akwai wani tarko da nake so ka fahimta sosai. Idan ka sa OneDrive ko Google Drive suna daidaita folda da kwamfutarka kai tsaye, duk abin da ya faru a kwamfuta shi zai faru a can. Ka goge babi bisa kuskure, ya gogu a can. Fayil ya lalace, lalataccen ne zai hau. Abin da ke ceton mutum shi ne kwandon shara, wanda ke riƙe abin da aka goge kwana 30 a asusun mutum na kansa, da tarihin tsofaffin nau'o'in fayil. Idan ba ka lura ba sai bayan wata biyu, ranar da mushrif ya ce a kawo masa babi na biyu, to sai haƙuri. Shi ya sa nake ba da shawarar duk ƙarshen mako ka yi wa risalar sabon kwafi mai kwanan wata a sunansa, ka bar tsofaffin yadda suke. Kada ka riƙa ɗora sabo a kan tsoho.

Shi ya sa kuma faifan waje yake da muhimmanci, da sharaɗin a zare shi bayan an gama kwafi. Akwai manhajojin garkuwa da ke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, kuma duk abin da ke jone da kwamfutar suna bi su kulle shi. WannaCry ta yi haka a watan Mayun 2017 a ƙasashe sama da 150. A nan Saudiyya, a watan Agustan 2012, Shamoon ta shafe kwamfutocin kamfanin Aramco kusan 30,000, ita ko fansa ba ta nema ba. Ɗalibi yawanci ta manhajar sata yake kwaso irin wannan masifa, ko ta filash da ya shiga kwamfutocin shagon buga takardu. Don yin kwafi a faifan waje, Windows na da manhajar File History, Mac na da Time Machine. Ka saita sau ɗaya, duk lokacin da ka jona faifan su yi kwafin da kansu, maganar "idan na tuna" ta ragu. Idan kuɗin faifai bai samu ba tukuna, sayi filash na biyu mai suna a shago na ƙwarai, ka riƙa musanya su, ɗaya kullum yana ɗaki ko wajen wani ɗan'uwa.

Sai abin da ya shafe mu mu baƙi a ƙasar nan. Layin wayarka da iƙamarka aka yi masa rajista. Idan ka gama karatu ka yi fitar ƙarshe, layin na iya mutuwa, kuma idan shi ne ke karɓar lambar tabbatarwa ta asusunka, za ka isa Kano ko Zinder ka ga ma'ajiyar ta rufe maka ƙofa. Tun yanzu ka ƙara lambar gida a asusun, ka fitar da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, ka rubuta su a takarda ka adana tare da shahadodinka. Kada ka dogara da imel ɗin jami'a kaɗai, don ba naka ba ne har abada. Kuma tun Disamban 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. 'Yan'uwanmu da suka bar Khartum bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 sun san darajar wannan: da yawa sun fito ba kwamfuta ba takardu, wanda ya ɗora shahadarsa a intanet kuma yana riƙe da kalmar sirrinsa ya fi samun sauƙi.

Sau ɗaya a wata, ɗauki kwafin ka buɗe shi a wata kwamfutar, ka duba har shafin ƙarshe da hashiyoyi.

Abokinka kuma ya daina kunna kwamfutar yana gwadawa, musamman idan yana jin ƙarar ƙwas-ƙwas daga ciki, don faifai mai juyawa kowace kunnawa ƙara masa rauni take. Sau da yawa ba faifan ne ya mutu ba, allon uwa ne (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai) ko wajen caji, kuma ana iya cire faifan a jona shi da wata kwamfutar a kwashe fayilolin. Ya gaya wa mai gyara ƙarara cewa kada a sake sa Windows, kada a yi fomat, sai an fitar da aikin. Idan faifan a kulle yake da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, za a nemi lamba mai alƙaluma 48, kuma yawanci tana nan a asusunsa na Microsoft. Ya duba imel da WhatsApp ɗinsa ma, wataƙila ya taɓa aika wa mushrif wasu babin.