Hayar mota ko saye?

Ka ce kana wasi-wasi tsakanin ɗaukar hayar mota ta dogon lokaci da sayenta. Ni dai sai in ce ka fara duba yawan zirga-zirgarka. Hayar yawanci wata 24 zuwa 36 ce, kuma faɗuwar darajar motar kake biya, shi ya sa kuɗin wata yake da sauƙi. Amma fa an ƙayyade maka kilomita, in ka zarce a caje ka kan kowace ɗaya. Ranar mayarwa kuwa sai sun zagaye ta tsaf, suna ƙirga karcen ƙofa da tabon kujera. Fasa yarjejeniya da wuri ma akwai tara.

In kana riƙe mota har ta tsufa a hannunka, saya kawai.