Koren ɗigo a saman waya: ana leƙena ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani lokaci nakan ga ɗan koren ɗigo a saman allon wayata alhali ba hoto nake ɗauka ba. Ƙawata ta ce ana leƙena ne ta kyamara. Gaskiya ne? In na manna salatif a kan kyamarar, ya wadatar? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ɗigon nan gargaɗi ne wayar ke yi miki cewa wata manhaja ta buɗe kyamara. Apple ta kawo shi a iOS 14 a 2020, Google kuma a Android 12 a 2021. A iPhone kore na kyamara ne, ruwan lemo na makirufo. A Android kore ɗaya ne na duka biyun. Da kin gan shi, ki jawo allon daga sama, za ki ga sunan manhajar. In WhatsApp ce kuma kina kiran bidiyo, babu komai. In kalkuleta ce ko wasa, to akwai magana.

In wayarki Android ce, ki shiga saiti, ki nemi Privacy dashboard. Zai nuna miki duk manhajar da ta taɓa kyamara cikin awa 24 da suka wuce, har da lokacin. Wadda ba ta da hurumi ki cire mata izini, sauran ki bar su a kan "sai ina amfani da ita".

Da wuya a kutsa wayar talaka daga nesa haka kawai. Galibi ɓarawon da hannu ake shigo da shi: manhajar da aka turo ta Xender, ko irin su GB WhatsApp da ba sa cikin Play Store, ko wayar da aka bari a buɗe wajen mai gyara ko mai caji. Manhajar leƙe takan ɓoye tambarinta, ta laƙaba wa kanta suna irin na tsarin waya. Shi ya sa duba allo kaɗai ba ya isa. Ki leƙa sassan Accessibility da Device admin apps a cikin saitin Android, domin can take samun ikon da ke hana a goge ta. Ki janye ikon tukuna, sannan ki goge, ki sa Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji da ke cikin Play Store, ya bincike wayar. In ɗigon ya ci gaba da fitowa, ki kwashe hotunanki da lambobinki, ki mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ki sauya kalmomin sirri.

Salatif kuwa ya fi amfani a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ko Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, an ga tasa a manne a wani hoto na 2016. Sai dai ba ya toshe makirufo, muryarki na nan tana fita. Masu kwamfutar MacBook ta Apple su yi hattara: Apple ta ce murfin da kaurinsa ya wuce milimita 0.1 na iya lalata allon in aka rufe kwamfutar da shi.