Zuwa ga Mai Sunan Malam: Bashin Gaisuwa, Zaure da Fadama

Assalamu alaikum. Mai sunan Malam, ina fatan kun tashi lafiya kai da iyali.

Saƙon muryar da ka turo ta WhatsApp na saurare shi sau biyu, na biyun bayan Isha'i da gida ya yi tsit. Tsakanin gidana da inda ka sauka bai kai tafiyar minti goma a ƙasa ba, amma sai ka aiko da murya. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi, don rabin amsar tambayarka na nan cikin abin da ka yi. Tun da waya kuka fi ganewa, na zaunar da ƙanwarka ina faɗa tana rubutawa.

Ka ce wata biyu ke nan da dawowarka Argungu bayan shekara 15 a Ingila, amma kana ganin mutane na ɗari-ɗari da kai. Ka tambaya ko dole ne sai ka bi gida-gida kana ta'aziyyar waɗanda suka daɗe da rasuwa, alhali ka yi waya a lokacin, wasu ma ka aiko da kuɗi. Ka ce magini ya nace sai an fitar da zaure a gidan da za ka gina, kai kuwa get da ƙararrawa kake so. Sai fadamar mahaifinka da ke hannun ɗan baffanka, da kuma wai ana ce maka Bature.

Ba kai ne na farko da ya dawo gidan nan daga wata ƙasa ba. Kakanka da ka ci sunansa fataucin goro ya kai shi Kumasi, hanyar da mutanen Jega da na Kabi suka sani tun zamanin ayarin Gwanja. A zangon Kumasi aka haife ni. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Muka tattara abin da ya tattaru muka hau babbar mota, ina da shekara 12. Mun iso nan ba mu da komai sai ƙullin tufafi da ragowar huhun goro. Yara suka sa ni gaba da dariya saboda Hausata ta zango, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata.

Kwana uku da saukarmu Malam ya ɗauki sandarsa, ya kama hannuna, muka shiga gari. Kusan wata guda muka yi muna zagaye. Duk gidan da aka yi rashi a bayansa sai ya zauna a zaure, ya ambaci mamacin, ya yi addu'a, ya ajiye goro biyar ko goma ya tashi. Wasu mamatan sun fi shekara goma a ƙasa. Ni a lokacin gajiya kawai na sani da ƙaiƙayin ƙafa. Amma kafin ruwa ya sauka an ara masa gona, an auno masa iri, an yi gayya an rufa mana ɗaki biyu. Akwai wani da muka hau mota ɗaya da shi, ya fi Malam abin hannu nesa ba kusa ba, ya zauna a gida yana jiran a zo a gaishe shi. An zo ɗin, sau ɗaya, don sannu da zuwa hakkinsa ce. Har ya koma ga Allah baƙo yake a unguwar da aka binne cibiyarsa.

To kai ma bashi ka taras. Ranar da mahaifinka ya cika ba ka samu zuwa ba, kuma babu mai ganin laifinka, an san halin takardu da aiki. Amma wasu ne suka yi masa wanka, wasu suka haƙa kabari cikin rana, wasu suka ɗauki makara, wasu suka bar kasuwarsu suka zauna da mu kwana uku a ƙofar gida. Daga baya su ma an yi musu rashi, wani uwa, wani mata, wani ɗa. Ni na je, innarka ta je, amma gurbin ɗan marigayi na nan ba a cike ba. Kuɗin da ka aiko sun yi amfani, an sayi gero da shinkafa an yi sadaka, Allah ya ba ka lada. Sai dai an ci an wanke hannu. Abin da mutum ke riƙewa shi ne wa ya tako ya zauna a tabarmarsa, shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take. In kuma kana tunanin lokaci ya wuce, malaman da suka ce ta'aziyya kwana uku ce su ne suka cire wanda ba ya gari, shi in ya dawo sai ya yi tasa.

Kai da ka tashi a garin nan ai bai kamata a gaya maka ƙarfin ziyara ba. Gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato tun zamanin jihadi, mene ne ya rufe ta? A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya taso da kansa ya zo Argungu, aka tarbe shi da kamun kifi a ruwa. Bikin kamun kifin da kake nuna wa abokanka hotunansa a can, wanda ake cika kogin Matan Fada dominsa, daga wannan zuwan ya samo asali. Yana da 'yan aike da magatakarda, da wasiƙa na isa da ita zai aiko.

Abin yana da tsari, kada ka fara ta inda ka ga dama. Mai unguwa za ka fara gani, sai limamin masallacinmu, sannan ni in kai ka wurin uban ƙasa. A dangi kuwa gwaggonka ta garin Gulma ce gaba, ita ce babba a cikinmu da muka rage, in ta ji ka shiga wani gida kafin nata ba ni ba shiga tsakaninku. Sauran gidajen ni da innarka mun ƙirga, ashirin da 'yan kai ne. Gida uku a yini ya isa, da hantsi ko bayan La'asar. Ka tuɓe takalmi tun daga bakin zaure. Kada ka riga babba miƙa hannu, ka rage tsawo, in ya miƙo ka karɓa da hannu biyu. Ka bar gaisuwa ta yi tsawonta: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki. Na lura kana yanke ta a ta biyu ka faɗa magana, kamar mai jiran jirgi. Sai an gama wannan za ka ce ya haƙurin wane, ashe abin da ya faru ke nan bayana, Allah ya jiƙansa ya kyautata namu zuwan. Wayarka ta zauna a aljihu. In za ka ba da wani abu, kada ka ƙirga a gaban mutane, ka tura ƙarƙashin tabarma ko ka bari sai an rako ka. Cikin gida kuwa yaro ake aikawa ya nemo izini, ko da a ɗakin ka yi rarrafe.

Ka ce maiɗakinka ta rasa yadda za ta yi da kwanukan tuwon shinkafa da fura da hoce da ake ta aiko muku ba ku tambaya ba. Ta karɓa, ta ba yaron da ya kawo tukuici ko kaɗan ne, kuma kada kwano ya koma a bushe: sabulu, ɗan turare, ko abin da kuka dafa. Abin da ya fi ƙarfin cikinku ga almajirai nan. Innarka za ta zauna da ita a kan biki, ta san wa ya kawo me lokacin aurenku, don mata ba sa mantuwa da wannan lissafi.

Maganar Bature kuwa, wadda ta fara faɗa maka a gaban mutane ɗiyar gwaggonka ce, taubashiyarka. Tana da wannan damar tun kafin a yaye ka, kuma kuɗin sharar shekara 15 na nan tana bin ka, ka shirya kafin watan cika-ciki. Ramawa ake yi, ba a fushi. Wanda ya kamata ya dame ka shi ne Baturen da ake faɗa bayan ka tashi, kuma na san abin da ke jawo shi. Ba ka zama minti biyar ba ka ce "a can" ba. A can ba a ɗauke wuta, a can ba a zubar da shara a kwata, a can likita ba ya makara. Gaskiya kake faɗa, amma wanda bai taɓa wuce Birnin Kebbi ba abin da yake ji shi ne ka raina inda ya ƙare rayuwarsa. Ka ba bakinka hutun shekara guda. In kwatar ta dame ka, ɗauki shebur ranar Asabar, za ka ga matasa sun fito.

Zaure. Maginin nan ya fi ka gaskiya. Gidan da ba zaure, ina baƙonka namiji zai zauna? Ko dai ka shigar da shi falo, matarka ta takura a gidanta, ko ka tsayar da shi a rana bakin get kamar mai neman aiki. Dattijon unguwa ba zai danna ƙararrawa maigadi ya tambaye shi wa yake nema ba, sau ɗaya za a yi masa haka ya ɗauke ƙafa. A zaure ake ɗaurin aure, a ƙofarsa ake raɗin suna da zaman makoki, nan maƙwabta ke fito da akushinsu a yi ciyayya bayan Magariba. Ban ce kada ka yi katanga ba. Zamani ya canza, kowa ya ji harin da 'yan bindiga suka kai Mera ta ƙasar Augie a 2024, kuma wanda aka san ya dawo daga Turai ido na kansa. Ka yi get ɗin motarka ta gefe, ka fitar da zaure ta gaba da dakali da tabarma da randa. Maƙwabcin da ya saba zama a ƙofarka shi ne zai fara lura da baƙuwar fuska.

Kada kuma ka ɗauka komai za ka haɗiye da sunan al'ada. Masu zuwa da ƙoƙon bara a riga za su yi yawa, ka ba da abin da za ka iya yafewa, sauran ka ce Allah ya hore, ba wanda ya taɓa mutuwa don an ce masa haka. Kashe dukiya a biki don a ce an yi, ba gadonmu ba ne, yayi ne. Cika alkawari a kan lokaci da ka koyo, riƙe shi, ko kai kaɗai za ka zauna jira. Yaranka kuma da aka haifa a can jininsu bai san zazzaɓin cizon sauro ba, kai ma naka ya manta. Gidan sauro kowane dare, kuma in masu rabon maganin rigakafi na damina sun zo gida-gida a ba ƙaramar. Duk wanda ya ce kun cika tsirfa, turo mini shi.

Saura fadama, kuma nan nake so ka taka a hankali. Aro ce a hannun ɗan baffanka, ba kyauta ba, ba jingina ba, shi ma bai taɓa musun haka ba. Amma tun rasuwar mahaifinka shi ke noma ta, kowace kaka yana sauke wa innarka buhunanta kafin ya kai nasa gida. Shi ya haƙa rijiyar ban ruwa, shi ya sayi inji. Ambaliyar 2020 da ta shanye shinkafar jihar nan ta shanye tasa, ya ci bashi ya koma noman rani bai nemi ko sisi wurinka ba. Na san abin da ya sa kowa ya farga da fadama yanzu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan garin a 2017, ƙasar da da ake ba mutum don Allah ta zama abin kai ƙara gaban alƙali. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan kadada guda.

Don haka mai awon filin da ka ce za ka ɗauko, dakatar da shi. Ba a karɓar gona da amfani a tsaye, sai an yanke an sussuke. Kuma ba taka ba ce kai kaɗai, gado ne da ba a raba ba, innarka na da tumuninta, 'yan uwanka mata na da rabonsu. Bayan girbi sai mu zauna a zaurena, da mai unguwa da liman, ka fara da godiya kafin komai. In shawarata za ka bi, kada ka raba shi da ita. Kai ba ka san lokacin da ruwa ke hawa da sauka a wurin ba, shi ya sani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye ribar noman rani, to ka sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kai da kayan aiki shi da ƙarfi da sani, ku yanka rabo. Abin da aka amince a kai sai a rubuta a sa shaidu, wannan kam ba baturanci ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Ranar Alhamis da hantsi ka zo ka same ni. Ka sa riga da hula, ka bar motar a gida, a ƙasa za mu tafi. Ka biya kasuwa ka sayo ƙwaryar goro biyu, fari mai kyau, kada a haɗa ka da mai tsutsa don an ga hannunka da laushi. Ka zo da babban ɗanka, ina so ya ga gidajen da idonsa, ko da ba zai ji rabin abin da ake faɗa ba. Gulma sai Asabar, na riga na aika wa gwaggonka. Kada ka karya kumallo a gida, za a dama kunun tsamiya.

Baffanka.