Abin da Ke Cinye Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Aikin Hoto

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa kwamfutar shago ta daskare kana tsakiyar haɗa fleks ɗin walimar sauka da za a rataya a Tudun Wadan Gusau, alhali hotunan da aka kawo ko wanne bai kai megabait 10 ba, har kana ganin a ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe abin da ake aiki a kai.

Girman da kake gani a filashi ba shi ne girman hoton a lokacin aiki ba. JPEG a matse yake kamar audugar da aka danne a buhu, kuma da zarar Photoshop, manhajar gyaran hoto, ya buɗe shi, sai ya warware shi gaba ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa. Hoto mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 6000 a 4000 ɗigo miliyan 24 ne, ko wanne yana cin bait uku, ka ga megabait 72 ke nan tun ba ka taɓa shi ba. Ko wace leya, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a kan wata a cikin aikin, mai ɗauke da hoto tana ƙara nauyinta, sannan manhajar tana riƙe matakan baya har 50 domin ka iya komawa.

Babban abin da ya danne ta shi ne yadda ka buɗe aikin tun farko. Ka sa ƙafa 10 a ƙafa 6 a kan fiksel 300 a ko wane inci, wato fiksel 36,000 a 21,600, wanda ya haura gigabait 3 a launin CMYK, wato tsarin launin bugawa, kafin ka ɗora rubutu ko ɗaya, kuma ko ajiye shi a PSD, nau'in fayil ɗin Photoshop, ba za ka iya ba, domin iyakarsa fiksel 30,000 ne a ko wane gefe. Lambar 300 ta katin gayyata ce da kalandar da ake dubawa kusa da ido. Fleks kuwa daga tsallaken titi ake karanta shi, saboda haka 100 ta ishe shi, nauyin kuma ya koma kashi ɗaya cikin tara.

Photoshop yakan ɗebi kashi 70 cikin ɗari na ram ɗin da ya samu, idan ya ƙare sai ya koma aro a faifan ajiya, wanda bai kai ram sauri ba ko kusa. Daskarewar da ka gani ke nan, kuma shi ya sa nake hana ku cika faifan da bidiyon biki.

Gobe ka sake buɗe aikin a kan 100, ka rufe burauza, ka haɗe leyoyin da ka gama da su, ka sa ido a ma'aunin Efficiency da ke ƙasan allo, wanda ke sauka ƙasa da ɗari idan Photoshop ya koma aro a faifan ajiya. Idan har yanzu yana sauka ƙasa da ɗari, to sai mu yi maganar sayen ram.