Na ji ƙullutu a nono, an ce daji ba ya son ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 41, ina zaune a Kano. Wata biyu ke nan ina jin ƙullutu kamar gyaɗa a nonona na hagu, ba ya ciwo. Surukata ta ce kada in kuskura in je asibiti, wai in daji ne ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura zai bazu. Wallahi ko barci ba na iyawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, Allah Ya ba ki lafiya. Mafi yawan ƙullutun nono ba sankara ba ne, amma hannu kaɗai ba ya tantancewa, ko nawa ko naki. Rashin ciwon ma kada ya ruɗe ki, sankarar mama takan fara ne shiru. A duba ki cikin makon nan.

Maganar ƙarfen nan kuwa ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Allurar da muke ɗebo 'yar tsoka da ita a kai ɗakin gwaji ba ita ke yaɗa ciwon ba, jinkiri ne. Mace ta ji ƙullutu irin naki, a kai ta wurin mai magani, ya yi mata tsaga, ya shafa ƙulli, ya haɗa ta da jarkar jiƙo ta yi ta sha har shekara. Sai nonon ya fashe yana wari, ciwon ya kai ƙashi ko huhu, sannan a kawo mana ita an naɗe ƙirjin da tsumma. In ta cika, a ce wuƙar likita ce. Shi kuwa mai maganin yana can kasuwa da lasifika a kan mota, ya cinye kuɗin awakinta, ba mai tuhumarsa. A ƙasashen da ake gano ciwon da wuri, ake kuma aiki da wannan ƙarfen da ake tsoratar da ke, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata 9 cikin 10 masu ciwon na haura shekara 5 da ransu bayan an gano shi.

Yau ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa. Kan nonon ya lotsa ciki? Yana fitar da jini? Fatar ta yi kamar ɓawon lemo? Ki lalubi hammata ko akwai kaluluwa, ki gaya wa likita duk abin da kika gani.

Ki je babban asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a yi miki hoton nono, in da buƙata a ɗebi tsokar. Ki tafi da maigidanki, in da hali har da surukar taki, ta ji daga bakinmu.