Kwangilar kai wa soja kaya Diffa: in ci bashi in shiga?

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kasuwar Dole ya turo min cewa wani ɗan kwangila ya ce ya kawo shinkafa da man girki da taliya a kai wa sojojin da ke aiki yankin Diffa, kamiyo biyu, ba awans, sai gwamnati ta biya ɗan kwangilar shi ma ya biya Alhajin. Wai ya ci bashi ya shiga?

Alhaji, kar ka ci bashi a kan wannan, don Allah. Aikin halas ne kuma akwai riba, soja a daji kullum sai ya ci ya sha, motarsa na shan gazuwal, taya na fashewa, batir na mutuwa, to buƙata ba ta yankewa. Matsalar ita ce jira. Kuɗin gwamnati sai takarda ta bi ofis-ofis ta kai trezor, wato baitulmalin gwamnati, wata da watanni, kai kuma mai bashinka ba ruwansa da trezor.

Sannan gwamnati ba ta san ka ba, wanda sunansa ke kan bon de komand, wato takardar odar kaya, shi ta sani. In kana da NIF, wato lambar biyan haraji, da rajistar kasuwanci nemi naka kai tsaye ko ƙarami ne, ka tuna da harajin TVA wajen sa farashi. In ta hannun ɗan kwangilar za ka bi, ku rubuta yarjejeniya da shaidu, ya ba da ko kashi uku ɗaya kafin a ɗora buhu ko guda.

Ka yi lissafin hanya da kyau. Damagaram zuwa Diffa ta Gure da Maine ya haura kilomita 450, yankin na cikin dokar ta-ɓaci tun 2015, mota kan kwana tana jiran rakiya, direba da yaron mota suna ci daga aljihunka, kuma galibi wayam za ta dawo, gazuwal na zuwa da dawowa duk kanka. Na ga buhun da ruwa ya taɓa gefensa kaɗan, mai karɓa ya zura hannu ya shinshina ya ce a mayar, to sayi tamfol mai kyau, a ƙirga gaban direbanka a sa hannu da hatimi kan takardar karɓa, ita ce kuɗinka.

Fara da kamiyo ɗaya, da kuɗin da in sun kwana wata shida shagonka ba zai rufe ba. Kuma ranar tashi da hanyar da za a bi, kar direba ya sa hoto a WhatsApp, rayukan mutane ne a ciki har da nasa.